Rufin Asirin da Ya Zama Ciwo: Tarihin Lalata da Yara a Ikkilisiyar Katolika ta Ƙasar Ailan

Gabatarwa

Ɗan Katolikan da ya tashi a Kaduna, ko Jos, ko Yola, da wuya ya rasa jin sunan ƙasar Ailan. Daga wannan ƙaramin tsibiri da ke yamma da Ingila ne firistoci da sistoci masu yawa suka fito, suka gina majami'u da makarantu da asibitoci a arewacin Nijeriya. Akbishop na farko na Kaduna, John McCarthy, mutumin Ailan ne. Haka kuma John Reddington na Jos da Patrick Dalton na Yola. A shekarar 1961 ma aka zaɓi Waliyyi Patrick, manzon Ailan, ya zama majiɓincin Ikkilisiyar Nijeriya. Alherin da waɗannan mutane suka shuka ba ya ɓacewa.

Amma ƙasar da ta aika da masu bishara zuwa nesa tana da wani ciwo a cikin gida wanda ta daɗe tana rufewa. Waɗansu firistoci da 'yan zuhudu sun yi lalata da yaran da aka damƙa musu amana. Shugabanninsu sun sani, amma suka zaɓi shiru. Wannan tarihi ba mai daɗin ji ba ne, gama gaskiya ɗaci gare ta. Duk da haka ya kamata mai karatu ya san shi, domin a cikinsa za a ga cewa laifin mutane kaɗan ya zama bala'in ƙasa duka sabili da abu ɗaya: an fi jin tsoron abin kunya fiye da kukan yaro.

Ƙasar da maganar fada ta fi ta kowa

Tsibirin Ailan kashi biyu ne. Arewacinsa, inda birnin Belfast yake, yana ƙarƙashin Birtaniya. Kudancinsa ya sami mulkin kai a 1922, babban birninsa kuwa Dablin. A wancan zamani, kusan kowa a kudun nan ɗan Katolika ne. Bayan ɗaruruwan shekaru na tsanani a hannun Ingila, mutanen suka ɗauki addininsu kamar tutarsu. A lokacin Ikkilisiya ce ke riƙe da kusan dukan makarantun firamare, da manyan asibitoci, da gidajen marayu. Wani bincike na 1973 zuwa 1974 ya nuna cewa mutum 91 cikin 100 na 'yan Katolika suna zuwa Mas kowace Lahadi. Sa'ad da Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci Dablin a 1979, fiye da mutum miliyan ɗaya suka taru a fili ɗaya.

A irin wannan ƙasa, babu abin da ya fi faranta ran uwa kamar a naɗa ɗanta firist. Fada yana shiga kowane gida ba tare da an tambaye shi dalili ba. In ya ce zai ɗauki yaro a motarsa, iyaye sukan ga an girmama su ne. Malamin makaranta yana ƙarƙashinsa, ɗan sanda yana cire masa hula. To, in yaro ɗan shekara goma ya ce fada ya yi masa abin da bai dace ba, wa zai yarda da shi? Yara da yawa sun yi shiru domin sun san amsar. Waɗansu da suka yi magana, duka suka sha a gida.

Brendan Smyth da rantsuwar 1975

Labarin da ya fara buɗe idon jama'a shi ne na Fada Brendan Smyth, ɗan Belfast, na ƙungiyar 'yan zuhudu ta Norbertine. An naɗa shi firist a 1951. Har shekara arba'in yana lalata da yara, maza da mata, a Ailan ta Arewa da ta Kudu, har da Amurka, inda aka tura shi aiki a jihohin Rhode Island da North Dakota. Shugabannin ƙungiyarsa sun san halinsa tun da wuri. Maganinsu shi ne su riƙa ɗauke shi daga wuri zuwa wuri, ba tare da sun faɗa wa mutanen sabon wurin kome ba. Watau an ba kura ajiyar nama, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani ɗan ƙungiyar, Fada Bruno Mulvihill, ya yi ta gargaɗin manyansa shekara da shekaru, amma ba a saurare shi ba.

A 1975 Ikkilisiya ta yi bincike na cikin gida a kan Smyth. Aka ji ta bakin yara maza biyu. Wani matashin firist mai suna Seán Brady yana cikin masu binciken, shi ne ya rubuta bayanin. Bayan yaran sun gama magana, sai aka sa su rantse cewa ba za su faɗa wa kowa abin da aka yi a zaman ba, sai firistocin da aka ba izini. Ɗaya daga cikin yaran ya ba da sunayen waɗansu yara da ke cikin hatsari. Ba a sanar da iyayensu ba, ba a kuma sanar da 'yan sanda ba. An miƙa rahoton ga Bishop Francis McKiernan na Kilmore, aka hana Smyth jin ikirari, shi ke nan. Ya ci gaba da ɓarnarsa fiye da shekara goma sha biyar.

A 1991 ne 'yan sandan Belfast suka kama shi bayan wani iyali ya kai ƙara. Da aka ba da belinsa, sai ya ƙetare zuwa kudu, ya zauna a gidan ƙungiyarsa a Kilnacrott. A 1993 hukumar arewa ta nemi a mayar mata da shi, amma takardar ta yi wata bakwai a ofishin babban lauyan gwamnati a Dablin ba a taɓa ta ba. Sa'ad da wannan ya fito fili a 1994, Firayim Minista Albert Reynolds yana ƙoƙarin ba wa babban lauyan nan, Harry Whelehan, shugabancin babbar kotu. Jam'iyyar da ke ƙawance da shi ta janye, gwamnati ta rushe a watan Nuwamba 1994. Smyth ya sha ɗauri a arewa a 1994. A 1997 ya amsa laifuffuka 74 a kotun Dablin, aka yanke masa shekara 12, ya mutu a kurkuku bayan wata ɗaya.

Seán Brady kuwa ya zama Akbishop na Armagh, daga baya Kadinal, watau babban shugaban Katolika na dukan tsibirin. Sai a watan Maris 2010 jama'a suka san hannunsa a zaman 1975. Ya ce ya gaskata yaran, ya kuma miƙa bayanin ga bishop ɗinsa kamar yadda aka umarce shi. Ya nemi gafara, amma bai sauka ba sai a 2014, da shekarun murabus suka cika. Amsar tasa ta nuna yadda tsarin yake: kowa ya miƙa wa na sama da shi, ya wanke hannunsa, yaron kuwa ba wanda ya koma ta kansa.

Makarantun koyon sana'a

Ciwo na biyu yana cikin gidajen da ake kira makarantun koyon sana'a. Kotu takan tura yara can saboda talauci, ko maraici, ko gudun makaranta, ko don an haife su ba da aure ba. Gwamnati ke biyan kuɗi bisa kan kowane yaro, ƙungiyoyin 'yan zuhudu kuwa su ke riƙe da gidajen. Christian Brothers suna da Artane da Letterfrack, Sisters of Mercy suna da Goldenbridge. Fiye da yara 30,000 suka bi ta irin waɗannan gidaje daga wajen 1930 zuwa lokacin da aka rufe su.

A 1999 wata 'yar jarida mai suna Mary Raftery ta nuna wani shiri mai suna States of Fear a gidan telebijin na ƙasa, RTÉ. Tsofaffi maza da mata suka ba da labarin yunwa da duka da fyaɗen da suka sha suna yara. Ran 11 ga Mayu 1999, Firayim Minista Bertie Ahern ya roƙi gafararsu da sunan ƙasa. Aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Mary Laffoy. Ta yi murabus a 2003 tana kukan cewa gwamnati ba ta ba ta haɗin kai, sai Mai Shari'a Seán Ryan ya karɓa. A 2004 Christian Brothers suka je kotu, daga baya aka yarda ba za a ambaci sunayen 'yan ƙungiyar da ake zargi ba.

Rahoton Ryan ya fito ran 20 ga Mayu 2009, littafi biyar, wajen shafi 2,600. Fiye da mutum dubu ɗaya suka ba da shaida a asirce. Rahoton ya ce lalata da yara ta zama ruwan dare a gidajen yara maza, shugabanni kuma sun san masu yin ta sukan sake. Ya kuma gano wani abu da ya tona zuciyar al'amarin. In ma'aikacin da ba ɗan zuhudu ba ne ya yi laifin, galibi akan kai shi ga 'yan sanda. In kuwa ɗan ƙungiya ne, sai a yi maganar a cikin gida, a sauya masa makaranta. Ashe ba rashin sanin girman laifin ba ne, kare na gida ne. Ma'aikatar ilimi, wadda aikinta ne ta duba gidajen, ta sunkuyar da kai a gaban masu riga.

Maganar diyya ma ta bar tabo. A 2002 ƙungiyoyi 18 suka yi yarjejeniya da gwamnati cewa za su ba da Yuro miliyan 128, da kuɗi da filaye, gwamnati kuwa ta ɗauki sauran. An biya fiye da mutum 15,000, kuɗin duka ya kai wajen Yuro biliyan ɗaya da rabi. Mafi yawansa daga harajin talakawa ya fito.

Dayosis na Ferns

A kudu maso gabashin ƙasar akwai dayosis na Ferns. A can ne Fada Seán Fortune ya yi aiki. An naɗa shi a 1979 ko da yake tun yana seminari an kai ƙararsa. Mutanen farish ɗinsa na Fethard-on-Sea sun rubuta wa bishop, sun rubuta wa jakadan Paparoma, amma sai bayan shekaru aka ɗauke shi, daga baya kuma aka ba shi wani farish. A watan Maris 1999 ya kashe kansa yana jiran shari'a a kan laifuffuka 66 da suka shafi yara maza 29. Ɗaya daga cikinsu, Colm O'Gorman, ya fito a wani shirin BBC a watan Maris 2002. Ran 1 ga Afrilu, Bishop Brendan Comiskey ya yi murabus.

Rahoton Ferns na Oktoba 2005 ya tattara zargi fiye da 100 a kan firistoci 21, daga 1962 zuwa 2002. A cikinsa akwai labarin ƙauyen Monageer. A 1988 'yan mata goma da ke shirin karɓar sakramentin tabbatarwa suka ce fadan farish, Jim Grennan, ya taɓa su a cikin majami'a. Hukumar lafiya ta bincika, ta ce maganarsu gaskiya ce. Aka ɗauke shi na ɗan lokaci, amma ranar bikin sai ga shi tsaye a bagade tare da bishop. Waɗansu iyaye suka kwashi 'ya'yansu suka fita. Ba a taɓa gurfanar da shi a kotu ba. Wannan ya nuna cewa shirun ba na bishop kaɗai ba ne. Hukumomin ƙasa ma sun sa hannu, waɗansu maƙwabta kuma suka juya wa iyayen baya.

Birnin Dablin da takardun da aka ɓoye

Rahoton da ya fi girgiza mutane shi ne na Mai Shari'a Yvonne Murphy a kan babban dayosis na Dablin, wanda ya fito ran 26 ga Nuwamba 2009. Ya duba shekarun 1975 zuwa 2004. Daga cikin firistoci 102 da aikin kwamitin ya shafa, an zaɓi 46, aka bi ƙararrakin yara fiye da 320 a kansu. Kwamitin ya ce har zuwa tsakiyar shekarun 1990, abubuwa huɗu ne suka dami shugabanni: riƙe asiri, gudun abin kunya, kare sunan Ikkilisiya, da tsare dukiyarta. Lafiyar yara ta zo bayan waɗannan duka. Akbishop huɗu ne maganar ta shafa: John Charles McQuaid, Dermot Ryan, Kevin McNamara, da Desmond Connell. A 1987 dayosis ya sayi inshora saboda ƙararrakin da za su iya tasowa, amma sai a 1995 aka fara ba wa 'yan sanda sunaye, su ma 17 ne kawai.

Labarin Marie Collins ya isa misali. A 1960 tana da shekara 13, tana kwance a asibitin yara na Crumlin, fadan asibitin, Paul McGennis, ya yi lalata da ita. A wannan shekara ce 'yan sandan Ingila suka sanar da shugaban 'yan sandan Ailan cewa wannan fada ya aika da hotunan tsiraicin yara a wanke masa. Shugaban 'yan sandan bai buɗe bincike ba, sai ya miƙa maganar ga Akbishop McQuaid. McGennis ya ci gaba da aiki fiye da shekara talatin. A 1985 Marie Collins ta faɗa wa wani fada abin da ya same ta, shi kuwa ya nuna mata kamar laifin nata ne. A 1995 ta kai ƙara ga akbishop da 'yan sanda. A 1997 aka ɗaure McGennis.

Kwamitin ya kuma bayyana wata dabara da ake kira ajiye magana a zuci, watau mutum ya faɗi abin da ba ƙarya ba ne a harafi, amma ya san mai ji zai fahimta ba daidai ba. A 1995 Andrew Madden ya zama na farko da ya fito fili da sunansa, ya ce Fada Ivan Payne ya lalata shi, an kuma biya shi diyya. Akbishop Connell ya ce ba a amfani da kuɗin dayosis wajen biyan irin wannan diyya. Alhali kuwa ya riga ya ranta wa Payne kuɗin daga asusun dayosis. Daga baya ya bayyana cewa ya ce ba a amfani, bai ce ba a taɓa amfani ba. Bahaushe ya ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ya sa kwamitin ya ga waɗannan abubuwa shi ne halin sabon akbishop, Diarmuid Martin, wanda ya hau a 2004. Ya buɗe akwatunan dayosis, ya miƙa dubban takardu. A 2008 Kadinal Connell ya je kotu don ya hana a karanta fiye da 5,000 daga cikinsu, amma ya janye ƙarar bayan ɗan lokaci. Bayan rahoton, Bishop Donal Murray na Limerick da Bishop James Moriarty na Kildare suka sauka. Waɗansu biyu, Eamonn Walsh da Raymond Field, sun miƙa takardar murabus, amma Roma ba ta karɓa ba.

Cloyne da Roma

Mai karatu zai iya cewa waɗannan duka laifin zamanin da ne. Rahoton Cloyne ya rushe wannan zato. Tun 1996 bishop-bishop na Ailan suka fitar da ƙa'ida cewa a riƙa sanar da hukuma duk zargin da aka kawo. Rahoton Cloyne, na 13 ga Yuli 2011, ya duba abin da ya faru bayan wannan ƙa'ida, daga 1996 zuwa 2009. Daga ƙararraki 15 da ya kamata a kai wa 'yan sanda, ba a kai 9 ba. Bishop na wurin, John Magee, ɗan ƙungiyar mishan ta Waliyyi Patrick ne, ya yi aikin mishan a Nijeriya yana matashi, ya kuma zama sakataren Paparoma uku. Ya gaya wa gwamnati cewa ana bin ƙa'idar, alhali ba haka ba ne. Wanda ya fara tona wannan a 2008 shi ne Ian Elliott, wani ɗan Ikkilisiyar Presbyterian da bishop-bishop suka ɗauka ya shugabanci hukumarsu ta kare yara. Magee ya yi murabus a 2010.

Rahoton ya taɓa Roma kanta. A watan Janairu 1997 jakadan Paparoma, Luciano Storero, ya rubuta wa bishop-bishop wasiƙa a asirce, yana cewa ofishin firistoci na Batikan yana da babban shakka a kan tilasta kai ƙara ga hukuma. Kwamitin ya ce wasiƙar ta ba wa masu son shiru mafaka. Ran 20 ga Yuli 2011, Firayim Minista Enda Kenny, wanda shi kansa mai zuwa Mas ne, ya tsaya a majalisa ya zargi Batikan da fifita ikonta da sunanta a kan yaran da aka yi wa fyaɗe. Batikan ta kira jakadanta gida, ta kuma amsa cewa ba ta taɓa hana kowa bin dokar ƙasa ba. A ƙarshen 2011 Ailan ta rufe ofishin jakadancinta na Batikan, ta sake buɗe shi a 2014.

Gyaran da aka yi

Gyara ya zo, amma a hankali, kuma kusan kullum bayan an matsa. A 2001 Paparoma John Paul na Biyu ya umarta a riƙa aika irin waɗannan ƙararraki zuwa ofishin koyarwar bangaskiya a Roma. A watan Maris 2010 Paparoma Benedict na 16 ya rubuta wa 'yan Katolikan Ailan wasiƙa, ya nuna baƙin cikinsa ga waɗanda aka cuta, ya kuma gaya wa bishop-bishop cewa waɗansunsu sun kasa ƙwarai. A 2012 Ailan ta yi dokar da ta mai da ɓoye labarin babban laifi a kan yaro laifi ne shi ma. Dokar 2015 ta tilasta wa malamai, da likitoci, da limaman addini su sanar da hukuma.

Paparoma Francis ya kafa kwamitin kare yara a 2014, ya sa Marie Collins a ciki. A watan Maris 2017 ta yi murabus, ta ce waɗansu ofisoshin Batikan sun ƙi ba da haɗin kai, har amsa wasiƙun waɗanda aka cuta ya zama abin gardama. A watan Agusta 2018 Francis ya je Ailan, ya gana da mutum takwas daga cikin waɗanda aka cuta, ya roƙi gafara a gaban jama'a a filin da John Paul ya tara miliyan. Taron bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na na 1979 ba.

A watan Fabrairu 2019 aka kira shugabannin bishop-bishop na duniya duka zuwa Roma. Cikin masu jawabi akwai wata sista 'yar Nijeriya, Veronica Openibo, shugabar ƙungiyar Holy Child Jesus. Ta gaya musu cewa masu cewa wannan ciwon Turawa ne, babu shi a Afirka da Asiya, suna ruɗin kansu, gama ta ji irin waɗannan labarai a aikinta a gida. A watan Mayu na wannan shekara aka fitar da doka mai suna Vos estis lux mundi, wadda ta wajabta wa firistoci da 'yan zuhudu su kai rahoto ga hukumar Ikkilisiya, ta umarci kowane dayosis a duniya ya buɗe hanyar karɓar ƙara, ta kuma shimfiɗa yadda za a binciki bishop da ya ɓoye laifi. A watan Disamba aka cire hatimin asirin Paparoma daga irin waɗannan shari'o'i. Masu suka suna cewa har yanzu bishop ne ke binciken bishop.

Tonon bai ƙare da wannan ba. A 2022 wani shirin rediyo ya buɗe labarin makarantar Blackrock ta ƙungiyar Holy Ghost, wadda ta yi suna a aikin mishan a kudancin Nijeriya. Binciken da ya biyo baya a 2024 ya tattara zargi 2,395 a makarantu 308 na ƙungiyoyin 'yan zuhudu. A ƙidayar 1991, fiye da mutum 91 cikin 100 suka ce su Katolika ne. A ta 2022 sun koma 69. Dalilan suna da yawa, amma wannan yana cikin manyansu.

Zargi ba hukunci ba ne

Adalci ya wajabta a faɗi wani ɓangare. Mafi yawan firistocin Ailan ba su taɓa yaro ba, sun kuwa sha kunyar laifin da ba su yi ba. An kuma yi zargin ƙarya. A 2011 gidan RTÉ ya ce Fada Kevin Reynolds ya yi wa wata yarinya fyaɗe a Kenya har ta haihu. Gwajin DNA ya nuna ba shi ne uban ba. Gidan telebijin ya nemi gafara, ya biya diyya. Abin lura shi ne, bincike a fili ne ya wanke shi. Da a ɓoye aka yi maganar, da zato ya bi shi har kabari. Haske yana kama mai laifi, yana kuma kuɓutar da marar laifi. Duhu kuwa mai laifi kaɗai yake taimako.

Kammalawa

Rufin asiri hali ne mai kyau a wurin Hausawa. Akan rufa wa maƙwabci asirin talaucinsa, akan rufa wa wanda ya tuba asirin abin da ya wuce. Amma akwai bambanci tsakanin rufe tsiraicin mai rauni da rufe takobin mai sara. Shugabannin Ailan sun kira shirunsu kare Ikkilisiya, suka manta cewa yaron nan mai hidima a bagade shi ma Ikkilisiya ne. Littafin Sama'ila na Fari ya ba da labarin Eli firist, wanda ya ji abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Ya tsauta musu da baki, amma ya bar su a kan aiki. Hukunci bai tsaya a kan 'ya'yan kaɗai ba, ya sauko a kan gidan duka.

Tarihin Ailan ya bar darussa a fili. Sauya wa mai laifi wuri ba magani ba ne, ƙara masa sababbin yara ne. Gafarar zunubi tana wurin Allah, amma ba ta soke shari'ar kotu. Ƙa'idar da ke kan takarda ba ta tsare kowa sai akwai wani daga waje da ke da ikon buɗe akwati ya duba. Babu kuma gyaran da ya fara daga sama. Kowane mataki ya fara ne da wani da aka cuta wanda ya ƙi yin shiru, da wani babba da ya yarda ya saurara.

Abubuwan da suka ba wa wannan ciwo wurin girma ba na Turawa kaɗai ba ne, ba kuma na ɗarika ɗaya ba ne. Duk inda ake girmama mai riga har ba a iya tambayarsa, inda ake koya wa yaro kada ya buɗe baki a gaban manya, inda iyali ke tsoron kada 'yarsu ta rasa miji in magana ta fita, to ƙasar a shirye take. Rigakafi ya fi magani. Kada a bar yaro shi kaɗai da babba a ɗaki rufe, ko wane ne babban. Dattawan ikkilisiya da zumuntar mata su san wurin da ake kai ƙara tun kafin a bukace shi. In yaro ya zo da magana, a zaunar da shi, a ji shi har ƙarshe, kada a rantsar da shi, a kuma sanar da hukuma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Ikkilisiyar Ailan kuwa ta jinkirta wankanta shekara hamsin, yara suka biya kuɗin jinkirin.